Ranar da Hotunan Kawu Almakashi Suka Zama Bulo

Akwai wani mutum da 'yan unguwa ke kira Kawu Almakashi, don ba a raba aljihun rigarsa da almakashi. Mutumin kirki ne, ga fara'a ga sakin hannu, sai dai Allah ya jarabce shi da gaggawa. Masu ƙarin gishiri sun ce ranar da aka haife shi, ungozoma ta iso ta tarar har ya gama kukansa ya yi barci. Wanda ya taɓa ganin yadda yake hura shayi tun yana cikin buta ba zai yi musu ba.

Sana'arsa haɗa hoto, amma ba da fenti ba. Tsofaffin jaridu yake yagawa, da takardar buhun siminti, da ƙyallayen da suka zubo daga keken ɗinkin matarsa. Sai ya jera su a kan kwali mai kauri, ya matsa wannan, ya juya wancan, ya manne su da gam. A hotonsa babu mutum, babu dabba, babu itace, launi ne kawai ke zance da launi. Wani maƙwabci ya taɓa tambayarsa ko wannan akuya ce a kwance, Kawu ya ce masa a'a, kewar gida ce. Maƙwabcin ya ƙara dubawa ya ce lallai kewar tana da ƙaho.

Duk wannan bai dami Kawu ba. Mutum ɗaya ne maganarsa ke sukarsa, wato yayansa, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu. Yaya bai taɓa zagin aikin ba. Iyakarsa in sun yi waya ya ce, “Auta, har yanzu ana nan ana tsintar takardu?” Ga shi kuwa Autan furfura ta cinye gemunsa.

Ana nan sai mai wani gidan nunin hotuna ta ga aikinsa, ta ce ta ba shi bango guda nasa shi kaɗai. Kawu ya kira Yaya yana in'ina don murna. Tsohon ya ce gwiwoyinsa sun daina son mota, amma zai zo, wannan zuwan dai, ya ga takardun a bango da idonsa.

Hotunan sun daɗe da kammala, sun bushe ƙarau, suna jingine a ɗakin aikinsa. Da ya bar su haka, da labarin nan bai samu ba. Amma ana jibi za a kai su, ya tsinci wata shuɗiyar takarda a shagon mai kwali, shuɗin da ya ce bai taɓa ganin irinsa ba. Ya manna ƙyalle ɗaya a hoto na farko, ya ja da baya, ya ga ya yi kyau. Sai sauran suka zame masa kamar marayu. Kafin azahar ya bi su duka da shuɗi, kowanne ya sha gam har yana naso.

Lokacin kuwa damina ce, iska duk laima. Kwalayen suka jiƙe suka fara lanƙwashewa kamar busasshen ganye. Kawu ya san ƙa'ida sarai, shi ke koya wa wasu ma: a shimfiɗa kowanne daban ya sha iska, in ya bushe a sa leda tsakaninsu, sannan a danne su miƙe. Amma wannan aikin mai jira ne. Ya tattara su ɗanyu ya ɗora wani kan wani, ya aza katako, ya aza ɗaurin jaridu, ya je ya cicciɓo kan keken ɗinki.

Matarsa ta biyo kekenta har ƙofa. Ta taɓa gefen kwalin, ta dubi yatsanta.

“Baban yara, gam ɗin nan fa ko iska bai sha ba. Ina ledar?”

“Nauyi zai busar da shi. Ke dai ki san zare, ki bar mini gam.”

Ta ce ta bar masa, ta kuma roƙe shi kada ya karya mata keke. Shi kuwa don ya ƙara nauyi sai ya hau gefen katakon ya zauna, ya ci abincinsa a can kamar mai gadin kaya.

Ranar kai hotuna ya sauke keke, ya ɗage katako, ya kama na sama zai ɗaga. Duka suka taso tare. Sun miƙe kam, ba wanda zai ce ba su miƙe ba, amma sun zama bulo ɗaya. Ya sa wuƙa, fuskar wannan ta biyo bayan wancan. Ya kara su a tururin ruwan zafi, jaridu suka narke, shuɗin ya bi ko'ina. Matarsa ba ta ce ai na faɗa ba. Ta durƙusa ta riƙe masa gefe ɗaya har ya gaji don kansa.

Mai gidan nunin ta yi masa jaje da gaske, amma bango ba ya zama tsirara ranar buɗewa, sai ta ba wata mai zane bangon.

Da yamma Yaya ya iso, yana dogara sanda, ya sa rigarsa ta fita kunya. Aka kai shi ɗakin aiki aka ba shi kujera. Kawu ya ajiye bulon a gabansa, ya faɗi gaskiya, kansa a ƙasa. Tsohon ya sa tabarau ya daɗe yana kallon hoton sama, wanda shi kaɗai ya tsira da rabin fuska. Ya shafa shi da yatsa, ya ce wannan wurin ya yi masa kama da ƙofar gidansu na da in hadari ya haɗo. Kawu ya ɗago, don abin da ya nufa ke nan, kuma ba wanda ya taɓa ganewa.

“Sauran fa, Auta?”

“Suna ciki, Yaya.”

“Duk haka suke?”

“Wasu sun fi shi.”

Yaya ya cire tabarau ya goge da bakin riga. “To, ka cuce ni,” in ji shi a hankali. “Matso ka faɗa mini abin da ke cikin kowanne, tunda da kunne zan gani.”

Kawu ya matso ya fara daga na biyu.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, gwaninta ba ta isa ba sai da haƙuri. Jira ma aiki ne, kuma wanda ya tsallake shi ya rusa abin da hannunsa ya gina. Sauri kan haifi nawa. Kwali da gam ana sake samunsu a kasuwa, amma ranar da wanda kake ƙauna ya taso don ya ga aikinka ba kullum take zuwa ba. In ka gama, ka sauke hannu. In abu ɗanye ne, ka bar shi ya sha iska.