Kan Sarki Tunau

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen ƙashi.

Ta zo mu ji ta, Iya.

An yi wani sarki wai shi Tunau, mai kuɗin azurfa da aka zana kansa a jiki. A garinsa duk wanda aka ba kuɗi sai ya jefa shi kan dutse, in ya yi amo ya karɓa.

Sai Tunau ya tsokano yaƙi da maƙwabcinsa Barau. Azurfa ta kusa ƙarewa, ga dakaru na jiran lada. Sai ya kira Nomau maƙerin fari, ya ce ya zuba tagulla a ciki, ɗaya ta zama biyu. Fadawa suka ce kai, basira sai sarki, azurfa ma ta haihu.

Yaƙi ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Sai sarki ya ce a ƙara dalma. Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, ta fa daina amo."

Sarki ya ce, "Dama ta cika surutu."

Sai aka yi shela: duk wanda ya sake buga kan sarki da dutse, nasa kan za a cire. Kun ji gyara.

Karo na uku, dalma zalla aka yi wa wankan azurfa. Kuɗin da ke sayen rago ya koma ko ƙosai ba ya saye. Dakaru suka ga ba su iya yaƙi da yunwa, suka sulale. Barau ya zo ya tsinci Tunau kamar kazar da ruwa ya daka.

Barau ya ce a fanshe shi da azurfa mai nauyinsa, in ba haka ba kansa. Tunau ya yi dariya, ya ce taskarsa cike take. Aka jibgo buhuna.

To, shi Barau shelar ba ta kai garinsu ba. Sai ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya jefa kan dutse. Ta faɗi tim, kamar curin fura. Ya jefa ta biyu, ya jefa ta uku.

Ya ce, "Kan wane ne wannan a jiki?"

Tunau ya ce, "Nawa ne."

"To, wannan na jabu ne. A ciro min na gaskiyar."

Ƙurunƙus kan ƙusu, wanda ma ya fi kan Tunau tsada. In za ku gina ramin mugunta, ku gina shi gajere.