Taku Ukun da Ƙarfe Ya Hana Yayansa

Ƙarfe muke ce masa, har sunansa na gaskiya ya ɓace a bakin mutane. Ya samu laƙabin ne domin tun da ya shigo ƙungiyar 'yan tseren ƙasarmu ba wanda ya taɓa jin ya ce wash. In ya faɗi, ya tashi yana dariya. In zazzaɓi ya kama shi, ya ce zafin rana ne. Da farko abin yabo ne, amma a hankali sunan ya hau masa kai, har ya zamana gara ya zuba maka ƙarya da ya yarda cewa wani wuri na yi masa ciwo. Ni ne mai yi wa ƙungiyar tausa, shekara goma sha tara ina murza ƙafafun 'yan gudu, kuma ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba. Ina son sa, ba zan ɓoye ba, shi ya sa har yau abin da ya yi yake ci mini rai.

Gudun da suke yi shi ne na miƙa sanda. Mutum huɗu ne, kowa ya yi mita ɗari ya miƙa wa na gaba wata 'yar sanda. Akwai layi biyu da aka shata a ƙasa, kuma dole sandar ta canza hannu a tsakaninsu. In ta wuce layin ƙarshe ko da ɗan yatsa ne kafin mai karɓa ya riƙe ta, an kori ƙungiyar gaba ɗaya. Mai karɓa kuwa ba ya tsayawa jira. Yakan auna taku da ƙafarsa, dunduniya a bakin yatsa, ya koma baya ya manna farin salatif a ƙasa. Da ya ga mai kawo masa sanda ya taka salatif ɗin nan, sai ya zura da gudu iya ƙarfinsa, ba waiwaye, har sai ya ji an ce masa "Hannu!" sannan ya miƙa hannu baya. Kenan lissafin takun nan ya dogara ne kan saurin mai zuwa. In saurinsa ya ragu bai faɗa ba, mai karɓa zai tsere masa.

Ƙarfe shi ne na uku, mai zagayo kwana. Wanda yake miƙa wa kuwa wansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda duk ƙungiyar ke kira Yaya, har ni da na girme shi nesa ba kusa ba. Yaya ya kai shekara talatin da biyar. Sau huɗu yana zuwa wannan babbar gasa ta duniya, sau biyu ana yi masa aiki a gwiwa, bai taɓa rataya lambar yabo a wuyansa ba. Ya riga ya faɗa wa kowa cewa wannan ne gudunsa na ƙarshe. Lissafinsu shi da ƙaninsa taku ashirin da takwas ne, sun maimaita shi ya fi a ƙirga, har Yaya kan ce ko ido a rufe zai karɓi sanda daga hannun Ƙarfe.

A zagayen share fage suka zo na biyu, suka samu shiga na ƙarshe. Kowa na tsalle, ni kuwa idona na kan ƙafafu, don aikina ke nan. Na ga Ƙarfe, bayan ya saki sanda, ya kai hannu bayan cinyarsa ta hagu sau ɗaya, kamar mai korar ƙuda. Da ya lura ina kallonsa sai ya sauke hannun ya yi mini murmushi.

Da muka koma ɗakin tausa na shimfiɗa tawul na ce, "Ƙarfe, zo ka hau gado."

Ya ce, "Baba, yau ka huta. Jikina garau yake."

Na ce, "Yaushe ka fara tausayin hannuna? Kai da kake rigan kowa hawa gadon nan, sai na kore ka kake sauka?"

'Yan uwansa suka yi dariya, shi ma ya yi, ya saɓa jakarsa ya fice. Na bi tafiyarsa da kallo. Ba ya ɗingishi, amma yana ajiye ƙafar hagu a hankali kamar mai tafiya kan jiƙaƙƙen siminti.

Washegari da safe na sami Koci, mai horar da su, yana shan shayi da takardar sunaye a gabansa. Dole ya miƙa sunayen mutum huɗun kafin rana ta yi tsaka. Na faɗa masa abin da na gani. Ya aika aka kira Ƙarfe. Ya shigo sanye da dogon wandon gudu mai matse jiki, abin da ba ya sakawa sai in ana sanyi, ranar kuwa zafi ake kamar a gasa mutum.

Koci ya ce, "Zauna. Baba ya ce bai yarda da cinyarka ba."

Ƙarfe ya harare ni ta gefen ido ya ce, "Koci, Baba ya tsufa, ko inuwa ya gani sai ya ce targaɗe ne."

Koci bai yi dariya ba. Ya ce, "Ka saurare ni da kyau. Dogo yana nan a shirye ya maye gurbinka, ya yi atisaye da Yaya, suna da nasu lissafin. Kuma ka san doka, wanda ya yi gudun share fage ana ba shi lamba ko bai yi na ƙarshe ba. In ka zauna muka ci, taka lambar tana nan. Ba abin da za ka rasa. To ina tambayarka, lafiyarka ƙalau?"

Ƙarfe ya miƙe ya yi tsalle uku a tsakiyar ɗakin, gwiwa har ƙirji, ya dire yana murmushi. Ni na ga jijiyar wuyansa ta tashi a tsalle na uku, amma me zan ce? Ya ce, "Wallahi ƙalau nake. Na yi wa Inna alkawari da hannuna zan ba Yaya sandar nan, tana kallo a talabijin. Kada ka ba ni kunya, Koci."

Na ce, "To hau gado in taɓa, minti ɗaya."

Ya ce, "Baba, ka bar ni mana. In ka murza ni yanzu sai ƙafata ta yi sanyi."

Koci ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ɗauki biro ya rubuta sunansa. Dogo, wanda ke tsaye a bakin ƙofa, ya juya ya tafi.

Da la'asar muna filin ɗumama jiki, dab da za a shigar da su inda mu ba mu da ikon shiga. Yaya ya ja ƙaninsa gefe, ina kusa ina naɗe tawul, na ji komai. Ya ciro naɗin farin salatif daga aljihunsa yana juya shi a yatsa.

Ya ce, "Ƙanina, ni ba Koci ba ne, ba zan cire ka ba. Abu ɗaya kawai nake so. In akwai wani abu, faɗa mini in rage taku biyu ko uku, in jira ka kaɗan. Ba wanda zai sani, daga ni sai kai."

Ƙarfe ya sunkuyar da kai. Na ga bakinsa ya motsa, na ce a raina to ga ta nan za ta fito. Sai ya ɗaga kai ya ga sauran 'yan gudun biyu suna kallonsu daga nesa.

Ya ce, "Haba Yaya, har da kai?"

Yaya ya ce, "Ashirin da takwas?"

Ya ce, "Ashirin da takwas."

Yaya ya dafa kafaɗarsa, suka shige.

Ni da Koci muka zauna a kujerun da ke daidai kwanar ƙarshe. Filin ya cika maƙil, hayaniya har ƙirjinka kake jin ta. 'Yan gudunmu suna layi na biyar. Na ga Yaya ya auna takunsa a nutse, dunduniya a bakin yatsa, yana ƙirgawa da leɓe. Ya manna salatif, ya danne shi da babban yatsa, ya dawo ya duƙa. Can baya Ƙarfe yana ta shafa tafin hannunsa a wando.

Bindiga ta tashi. Na farkonmu ya fita da kyau, ya miƙa lafiya. Na biyu ya miƙe a doguwar hanya kamar an harba shi, ya danƙa wa Ƙarfe sanda muna na biyu. Koci ya damƙe hannuna har ya yi mini zafi. Ƙarfe ya shiga kwana da ƙarfinsa, rabin farko ba laifi, har na fara cewa ko dai ni ne na tsufa da gaske. Saura kamar mita ashirin ya kai salatif sai na ga kansa ya yi baya, takun hagu ya gajarta. Bai tsaya ba, bai faɗi ba, saurin ne kawai ya ragu kaɗan, irin raguwar da 'yan kallo ba za su gani ba.

Ya taka salatif. Yaya ya tashi, kamar yadda ya saba, da duk ƙarfin da ya rage masa a duniya, bai waiwaya ba domin ya yarda da maganar ƙaninsa. Tazarar da ya kamata ta rufe sai ta fara buɗewa. Wurin da ake cewa "Hannu!" ya zo ya wuce. Yaya ya miƙa hannu baya da kansa, tafin a buɗe, ba komai a ciki. Ina ganin bakin Ƙarfe yana cewa "Yaya, tsaya," amma hayaniya ta haɗiye muryar. Layin ƙarshe na miƙa sanda yana matsowa. Sai Yaya ya yi abin da ban taɓa ganin ya yi ba a shekara goma sha biyar, ya rage gudu ya waiwaya. Ƙarfe ya wurga jikinsa gaba, sanda ta shiga hannu, shi kuma ya kife a ƙasa.

Muna na biyar a lokacin. Yadda Yaya ya yi gudun nan, ni dai ban san daga ina ya samo shi ba. Ya wuce ɗaya, ya wuce wani a bakin layin gamawa da ƙirjinsa. Allo ya nuna mun zo na uku. Na tashi ina ihu kamar ƙaramin yaro. Wani ya jefa wa Yaya tuta, ya yafa a kafaɗa, ya durƙusa yana kuka. Na juya zan rungume Koci, sai na ga bai tashi ba. Idonsa na kan alƙalin da ke tsaye a kwana, wanda ya ɗaga 'yar tuta ruwan ɗorawa, alamar ya ga laifi.

Minti huɗu muka yi muna jira, ban taɓa ganin minti huɗu masu tsawo haka ba. Sannan babban allo ya maimaita miƙa sandar a hankali. Kowa ya gani. Lokacin da yatsun Yaya suka rufe kan sandar, ta wuce layi da abin da bai fi tafin hannu ba. Sunan ƙasarmu ya sauka daga na uku ya koma can ƙasa. Yaya ya daɗe yana kallon allon, sannan ya cire tutar daga kafaɗarsa ya ninke ta ya miƙa wa mai ita.

A kujerar marasa lafiya aka turo Ƙarfe ɗakin tausa. Da na zare dogon wandon sai ga bandeji naɗe a cinyar, ya ɗaure shi tam da kansa. A ƙarƙashi wurin ya kumbura ya yi baƙi. Koci ya kalla ya fita. Dogo ya jingina da bango ya rufe ido. Can Yaya ya shigo, riƙe da guntun salatif ɗin da ya koma ya ɓamɓaro daga fili.

Ya ce, "Tun yaushe?"

Ƙarfe ya ce, "Tun jiya."

"Da na tambaye ka, ka sani?"

"Na sani, Yaya. Na ɗauka zan iya. Ka yafe mini."

Yaya bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin ya auna taku uku a kan tayil, dunduniya a bakin yatsa, muna kallo. Tsawon bai kai na gadon tausata ba. Ya nuna wurin ya ce, "Abin da na roƙe ka ke nan. Ba lamba na roƙa ba, ba gudu na roƙa ba, wannan kawai."

Ya ajiye salatif ɗin a tafin hannun ƙaninsa, ya ɗauki takalmansa ya fita. Bai sake gudu ba. Sun shirya daga baya, domin jini ɗaya ne, kuma Inna ba ta bar su ba sai da suka shirya. Cinyar Ƙarfe ta warke bayan wata takwas, ya dawo ƙungiya, amma duk wanda aka ce ya karɓi sanda daga hannunsa sai ya waiwaya, komai faɗan da Koci zai yi. A ƙarshe aka cire shi daga gudun miƙa sanda, kuma shi da bakinsa ya roƙe mu mu daina kiransa Ƙarfe.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, duk inda ake aiki tare, wani yana can ya gina lissafinsa kan maganarka, ya ba ka baya domin ya yarda da kai. In ƙarfinka ya ragu, ko ka ga ba za ka iya cika abin da ka ɗauka ba, ka faɗa tun da sauran lokacin gyara. Faɗin haka ba gazawa ba ce, amana ce. Wanda ya ɓoye rauninsa don kada a ce ya kasa, ba shi kaɗai zai faɗi ba, zai tafi da wahalar waɗanda suka fi kowa yarda da shi, kuma yardar nan in ta tafi ta fi ciwo wuyar warkewa.