Kwale-kwalen da Aka Nutsar

Akwai wani masunci a bakin wani kogi, sunansa Kefas. Yana da kwale-kwale biyu. Matarsa Damaris ita ce take bandar kifin da ya kamo.

A kogin nan akwai kifin da ake kira yauni, dogo mai santsi, wanda yakan shiga ciyawar fadama da damina ya yi ƙwai. Amma yashi ya toshe mashigi biyu da ruwa yake bi zuwa fadamar. Shekara uku Kefas bai ga ƙananan yauni ba. In ya jawo taru ya ga babba guda, sai ya ce a ransa, "Ko wannan ne na ƙarshe?"

Ana nan sai wata ƙungiya ta aiko da wakili daga birni. Ya tara masunta ya ce, "Za a haƙe mashigin nan kafin ruwa ya sauko. Duk abin da kuka tara, mu ma za mu ɗora daidai da shi. Kowane kwale-kwale zai biya rabonsa. Jibi zan zo in ƙirga."

To, al'adar masunta ce su nutsar da kwale-kwale da rani don kada rana ta tsage katakon. Sai kowa ya tuna da al'adar nan. Wannan ya ce, "Mutanen ƙetare sun fi mu kamu, su biya." Na ƙetare suka ce, "Fadamar ai a gefensu take." Kefas ma ya cika tsohon kwale-kwalensa da duwatsu, ya tura shi ƙarƙashin ruwa.

Ranar ƙirga wakilin ya bi gaɓa biyu, ya sami goma sha ɗaya, a kogin da kowa ya san akwai fiye da arba'in. Ya ce, "Wannan ba zai haƙa ko rabin mashigi ba. Gobe da hantsi zan koma."

Kefas ya dawo gida ya kasa cin tuwo. Yana ta duban gabas, inda hadari ya fara haɗuwa. In ruwa ya sauko ba a haƙa ba, wata shekarar ta wuce ke nan, yauni kuwa ba shi da wata shekarar.

Damaris ta ce, "Baban Murna, ina tsohon kwale-kwalen?"

Ya ce, "Yana shan ruwa, kada ya tsage."

Ta ce, "Uhm. Bana dai kowa ya ji tausayin katako rana ɗaya." Ta juya kifi a kan wuta. Can ta ce a hankali, "A cikinsa ka ɗauko ni daga gidanmu. Ban zaci zan ga ranar da za ka ɓoye shi kamar kayan sata ba."

Da gari ya waye Kefas ya shiga ruwa a gaban jama'a, yana fid da duwatsu ɗaya bayan ɗaya. Wani ya yi masa ihu, "Kefas, za ka tona mana asiri!" Ya jawo kwale-kwalen gaɓa, ya ce wa wakilin, "Ranka ya daɗe, nawa biyu ne. Na yi ƙarya jiya."

Sai wani dattijo ya tuɓe rigarsa ya shiga ruwa, wani ya bi shi. Kafin hantsi an fito da goma sha tara. Sauran suka juya baya, suna jiran baƙon ya tafi. Abin da aka tara ya isa haƙar mashigi ɗaya kawai.

Ana cikin haƙa, ruwa ya sauko daga tudu ba zato. Waɗanda suka bar nasu a ƙasa suka zo da gora suna lalube, amma yashi ya riga ya binne su.

Ma'anar wannan misali ke nan. Kogin shi ne abin da Allah ya ba mu tare, ko ƙasa, ko ruwa, ko ikilisiya. Yauni shi ne abin da yake mutuwa a hannunmu muna kallo. Kwale-kwalen da aka nutsar kuwa shi ne ƙarfin da muke ɓoyewa sa'ad da aka ce a raba nauyi, muna cewa maƙwabci ya fi mu samu. Muna iya ruɗin mai ƙirga, amma Ubangiji yana ganin ƙarƙashin ruwa. Ƙaunatattu, ina jin tsoro dominmu, gama hadari ya riga ya haɗu. Wanda yake da abu a ƙasa, bari ya shiga ya fito da shi yau.