Malam Kin-Tabbata da 'Yar Kafinta

Akwai wani malamin lissafi a wata makarantar sakandare, wanda ɗalibai suka laƙaba wa suna Malam Kin-Tabbata. Ba mugu ba ne. Ba ya duka, ba ya makara, kuma ya san aikinsa. Amma yana da wata ɗabi'a da shi kansa bai lura da ita ba.

Idan namiji ya fito allo ya rubuta amsa, Malam zai duba, ya gyaɗa kai ko ya girgiza, ya ce, "Je ka zauna." Idan mace ce, sai ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya karkata kai, ya ce, "Kin tabbata?"

Ko amsar daidai ce ko ba daidai ba, sai ya yi tambayar nan. Yawancin 'yan matan kuwa, da sun ji ta sai su ɗauki tsumma su goge abin da suka rubuta.

Wadda ta fi kowa gogewa ita ce 'yar wani kafinta da ke aji uku. 'Yan ajin suna kiranta Goge-goge, saboda magoginta ba ya yin mako biyu, kuma littafinta duk ya huhhuje don shan goga.

Yarinyar nan injiniyar gini take son zama. Tun tana ƙarama take bin mahaifinta da tambaya, me ya sa wannan katakon yake ɗaukar rufi, wancan kuma yake lanƙwashewa. Amma ƙofa ɗaya ce zuwa wannan buri, wato ajin kimiyya. Mutum arba'in ake ɗauka, da jarrabawar lissafi guda ɗaya a ƙarshen shekara. Malam Kin-Tabbata ne ke tsara ta, shi ne kuma ke duba ta.

Saura mako uku aka yi gwajin share fage. Goge-goge ta ci arba'in da biyu cikin ɗari.

Malam ya miƙa mata takardarta ya ce, "Kada ki damu. Ajin adabi ma aji ne. Ku mata kanku ya fi kama labari da hadda, lissafi kuwa sai mai taurin kai."

Wani yaro da ake kira Farfesa, wanda ke zuwa na ɗaya kullum, ya ɗaga hannu.

"Malam, a ƙara mata maki goma na tsafta mana. Ba wanda ya kai ta shara."

Aji ya fashe da dariya. Ita ma ta yi murmushin dole, ta ninke takardar gida huɗu ta tura a jaka.

Da la'asar ta sami mahaifinta a rumfarsa ta ƙofar gida yana goge katako. A aji huɗu na firamare karatunsa ya tsaya, amma duk takardar da ta fito daga makaranta sai ya gani. Ya share hannunsa a riga, ya buɗe ta, ya daɗe yana kallo. Sai ya ɗaga ta sama ta fuskanci hasken rana, yadda yake yi wa katako idan yana neman tsaga.

"Uwata, zo nan," ya ce. "Ni ban san wannan lissafin naku mai haruffa ba. Amma shekara talatin ina bin sawun fensir. Nan Malam ya rubuta sha bakwai da jan biro. Ke kin rubuta sha huɗu. To ƙarƙashin sha huɗun nan, me nake hangowa?"

Ta duba. Muryarta ta yi ƙasa. "Sha bakwai."

"Nan fa?"

Suka bi takardar tambaya bayan tambaya. Wuri tara, abin da ta goge shi ne abin da Malam ya rubuta da ja.

"Wa ya ce ki goge?"

"Ba wanda ya ce, Baba. Malam yana zagayawa ne, sai ya tsaya a kaina ya ce kin tabbata. Sai in ga kamar..."

"Kamar me?"

"Kamar da daidai ne, ai ba zai tambaya ba."

Kafinta ya jawo wani katako mai kyau da ya gama gogewa, ya ɗora a kan benci, ya miƙa mata tef ɗin awo da fensir da zarto.

"Ga kabad ɗin can na jiran katakon tsakiya. Wannan kaɗai gare ni. Auna ki yanka."

Ta auna cikin kabad ɗin, ta auna katakon, ta ja layi. Ta ɗora zarto ke nan, sai ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya karkata kai.

"Kin tabbata?"

Nan take ta ɗage zarton, ta zuba masa ido.

"Me kike nema a fuskata?" ya ce. "An rubuta awo a goshina ne? Tef yana hannunki."

Ta koma ta sake aunawa. Saba'in da huɗu. Ta sake. Saba'in da huɗu. Ta yanka. Katakon ya shiga wurinsa ya zauna daram, ko takarda ba za ta ratsa gefensa ba.

Mahaifiyarta ta leƙo daga ƙofa. "Kai dai kafinta, sai ka mayar mini da 'ya mai zarto hankalinka zai kwanta."

"Gara zarto da wannan abin," ya ce. Ya sa hannu a jakar yarinyar ya ciro magoginta, ya jefa a aljihunsa. Ya zaro biron da ke gaban rigarsa ya ba ta. "Daga yau da wannan za ki yi lissafi. In kin yi kuskure, ja layi a kai, kowa ya ga kin yi kuskure kin gyara. In an tambaye ki ko kin tabbata, koma kan aikinki. Fuskar mai tambaya ba ta san amsa ba."

Mako ukun nan ba su zo da sauƙi ba. Biro ba ya rufa asiri, kuma ta gano akwai wuraren da da gaske ba ta iya ba, sai ta zauna ta koya. Kullum da yamma tana gefen benci tana aiki, mahaifinta na wucewa yana jefa mata tambayar Malam. Da farko takan firgita. Daga baya sai ta bi layukanta da yatsa, ta ce, "Eh," ko ta ce, "A'a, ga inda na kauce."

Ranar jarrabawa ta zo. Tambaya ta ƙarshe mai maki biyar ce, kuma ga abin da ta ce: wani kafinta ya yanka dogon katako gida huɗu cikin minti sha biyu. Minti nawa zai ɗauka ya yanka irinsa gida takwas?

Goge-goge ta zana katako a gefen takarda, ta ja layukan yanka, ta ƙirga. Ta rubuta ashirin da takwas.

Inuwa ta faɗo kan takardarta.

"Kin tabbata?"

Hannunta ya tafi da kansa inda magogi yake zama. Ba komai a wurin. Ta sake ƙirga layukan, ba ta ɗaga kai ba.

"Eh, Malam."

Bayan kwana biyar aka manna sakamako a bango. Mutum arba'in a saman jan layi. Ita ce ta arba'in da ɗaya, da tazarar maki biyu. Da aka raba takardu ta ga Malam ya soke amsarta ta ƙarshe, ya rubuta ashirin da huɗu.

Farfesa ya leƙo ta kafaɗarta. "Haba, 'yar kafinta guda! Huɗu sha biyu, takwas ashirin da huɗu. Ninkawa kawai za ki yi. Yau da kin goge ma da kin tsira."

Ta zauna ta bi aikin sau uku. Sannan ta miƙe, ta yagi doguwar takarda daga littafinta, ta nufi ofishin malamai.

Ƙawayenta suka riƙo hannunta. "Ke, kanki ɗaya kuwa? Malam ne fa. Duk aji ashirin da huɗu muka rubuta."

"Na ji. Ku sake ni."

Malamai shida ne a ofishin, har da shugabar makaranta da ta shigo sa hannu a wasu takardu. Yarinyar ta yi sallama, ta gaishe su, ta ajiye takardar jarrabawarta gaban Malam.

"Malam, tambaya ta ƙarshe. Amsata daidai ce."

Malam ya cire tabarau, ya harɗe hannuwa.

"Kin tabbata?"

"Na tabbata, Malam."

"Mutum ɗari da goma suka zauna jarrabawar nan. Ke kaɗai ce mai ido?"

Ta miƙa masa doguwar takardar, ta ɗauki almakashin da ke kan teburin.

"Don Allah Malam, yanka min wannan gida huɗu. Ka ƙirga sau nawa almakashi zai ci."

Ya kalli sauran malamai yana murmushi, ya karɓa. Ƙaras. Ƙaras. Ƙaras. Ya buɗe almakashin zai yi na huɗu, sai ya tsaya. Gida huɗu na kwance a kan teburin.

"Yanka uku ne, Malam," ta ce. "Minti sha biyu a raba uku, kowane yanka minti huɗu. Gida takwas yanka bakwai ne. Bakwai sau huɗu, ashirin da takwas."

Malam ya ajiye almakashin. "Ai wannan tambayar lissafi ce, ba ta masu zarto ba."

"Kafinta ka rubuta a tambayar, Malam."

Wani malami ya rufe fuskarsa da jarida, kafaɗunsa na motsi. Shugabar makaranta ta rufe bironta a hankali.

"Malam," ta ce, "ka tabbata da ashirin da huɗun nan?"

Malam ya mayar da tabaraunsa, ya jawo takardar yana dubawa.

Yarinyar ba ta fita ba tukuna. "Ina da roƙo ɗaya. A ɗaga takardun 'yan matan ajinmu a hasken taga, a duba ƙarƙashin amsarsu ta ƙarshe."

Shugabar ta sa aka kawo takardun. Ta tsaya bakin taga tana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. A takarda huɗu, sawun ashirin da takwas na nan ƙarƙashin ashirin da huɗu. Dukansu na mata ne.

"Ni ban taɓa ce wa kowa ta goge ba," Malam ya ce, muryarsa ta sauka.

"Na yarda," shugabar ta ce. "A shekarun nan naka, ka taɓa yi wa namiji tambayar nan?"

Ya daɗe yana kallon guntayen takardar da ya yanka da hannunsa.

Aka sake duba jarrabawar gaba ɗaya. Goge-goge ta tashi daga ta arba'in da ɗaya ta koma ta sha biyu. Abin da aka goge ba a ba shi maki, don haka aka sake yi wa 'yan matan nan huɗu wata jarrabawa, a ɗakin da ba mai tsayawa a kansu. Uku daga cikinsu suka shiga ajin kimiyya.

A makon farko na ajin kimiyya, Malam ya kira Farfesa allo. Yaron ya warware aikin cikin sauri, ya rubuta amsa, kuma daidai ce. Malam ya harɗe hannuwa, ya karkata kai.

"Ka tabbata?"

Farfesa, wanda ba a taɓa yi wa tambayar nan ba, ya kalli Malam, ya kalli allo, ya sake kallon Malam. Sai ga hannunsa ya kai kan tsumma.

Daga benci na biyu Goge-goge ta ce, "Farfesa, ajiye tsumman nan. Ba a rubuta amsa a goshin Malam ba. Koma kan aikinka."

Magogin kuwa har yau yana aljihun kafinta. Ya ce shi ya fi dacewa da shi, don a kan katako yake goge nasa kuskuren kafin zarto ya gani.

Darasi: Sau da yawa ba iyawa 'ya'yanmu mata suka rasa a lissafi da kimiyya ba, amsarsu muke sa su gogewa da kallo, da dariya, da tambayar da ba ma yi wa 'yan'uwansu maza. Yarinya, idan an yi shakkar aikinki, ki koma ki duba shi. In kin ga kuskure ki gyara ba kunya, in daidai ne ki tsaya a kai ko ke kaɗai ce. Iyaye da malamai, ku riƙa ɗaga takardun 'ya'yanku a haske. Ku tura wannan labari ga duk gidan da ke da 'ya mace mai riƙe da fensir.