Ƙodago a Gonar Kura

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta taho mu sha labari.

Kura ce ta ɗauki Jaki da Bushiya ƙodago a gonarta. Da suka nemi ladansu, sai ta washe haƙora ta ce, "Ku je ku yi barci, ladanku na cikin mafarki. Kun gamsu?"

Suka dubi haƙoran, suka ce, "Mun gamsu, ranki ya daɗe."

Washegari ta tarar da su suna sharar barci a gindin tsamiya.

Ta daka tsawa: "Ina aikina?"

Bushiya ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Uwar ɗakina, a mafarki har mun yi girbi. Dawa ta taɓo gajimare, zangarniya tana ɗigar zuma. Kwanta ki kwashi abinki."

Ƙurunƙus kan ɗan kusu! Wanda bai gamsu ba, ya je ya kwanta.