Akwai Mutum A Ciki

Ya 'yan uwa, ku ba ni kunnuwanku. Duk wanda yake riƙe da biron hukuma a cikinku, shi ya fi kowa buƙatar jin wannan.

An yi wani mutum, ma'aikaci a sashen tsara gari na wata ƙaramar hukuma. Ba shugaba ba ne, ba kansila ba ne, amma taswirar gari a teburinsa take. Shi ke shafa launi: ja wurin kasuwanci, rawaya gidajen zama, kore abin da aka bar wa jama'a kamar makaranta da asibiti. Shi ne kuma ke fita da gwangwanin jan fenti ya sa alama a bangon da za a rushe. Da haka mutane suka manta sunansa, suka koma kiransa Jan Fenti.

Ubansa magini ne. Ya tsufa, kunnensa ya yi nauyi, ga ciwon suga ya buɗe masa gyambo a ƙafar dama. Da gumin ɗora bulo ya sa ɗan nan a makaranta. Amma tun da ɗan ya yi gida a unguwar manya, sai a yi wata uku bai leƙa tsohon ba. In an yi masa magana ya ce aiki ne ya sha kansa.

A unguwar da tsohon yake, bayan tashar mota, akwai wani ɗan asibiti mai ɗaki huɗu. Mutanen unguwa ne suka gina shi da hannunsu, tsohon nan ne ma ya zuba lintar ƙofofinsa, wato kankaren da ke samansu. Ma'aikaciyar jinya ɗaya ke riƙe da shi, kowa Sista yake ce mata. Nan ake awon ciki, nan ake rigakafi, nan ake rugawa da wanda gudawa ta kayar. A tsakar gidan akwai famfon burtsatse, kuma shi kaɗai ne ruwan kirki a unguwar.

Ana nan sai hukuma ta yanke shawarar rushe tsofaffin rumfunan gefen tasha, a gina rukunin shaguna. Wannan ba laifi ba ne, gari yana son gyara. A tsarin da aka amince da shi, asibitin kore ne, ba mai taɓa shi. Sai attajirin da ya samu kwangilar ya zo ofis, ya rufe ƙofa, ya ɗora yatsa a kan koren nan. Ya ce wurin ya tsaya masa a maƙoshi, shi ne bakin titi. Ya ce in an gyara, shaguna biyu na kusurwa na mai gyaran ne.

Jan Fenti ya ɗauki jan biro ya sake jan layi. Wallahi bai matsar da shi ya fi faɗin yatsa ba. Amma ku da ba ku san taswira ba, faɗin yatsa a takarda, a ƙasa asibiti ne sukutum da famfonsa.

To aikin rusau yana da ƙa'ida. Kafin katafila ta taɓa bango, sai jami'i ya shiga kowane ɗaki da ƙafarsa, ya buga ƙofa, ya kira, ya leƙa bayan ƙyaure. In ya fito, a nan wurin zai sa hannu a takarda cewa ya duba, ba kowa ciki, ya miƙa wa direba. Da farko mutumin nan yana yi. Sai wata rana wata mata ta yi kururuwa cewa akwai mutum a ciki. Aka kashe inji, aka shafe sa'a guda ana nema, ashe keken ɗinkinta take son fitarwa. Abokan aiki suka yi ta tsokanarsa, wai tela ta yi masa wayo. Abin ya tsaya masa a rai.

Daga ranar ya daina shiga. A ofis yake sa hannu, ƙarƙashin fanka, takarda goma a zama ɗaya, tun ana gobe aiki. Ya kuma tara ƙarti masu gora suna yi masa rakiya. Sun karya wa wani mai facin taya haƙarƙari don ya ce a bari ya kwashe kayansa. Sun ja wata mai kanti a ƙasa har fatar bayanta ta ɗaye. Shi kuwa yana tsaye da takarda a hannu, ko ƙiftawa ba ya yi. Duk wanda ya ce akwai mutum a ciki, sai ya ce ya ji irinta.

Da jan fenti ya bayyana a bangon asibitin, tsohon ya ja ƙafarsa har ofis. Takalmin dama an tsaga shi da reza don bandeji ya samu wuri. Ya zauna a benci tun safe har azahar. Da ɗan ya fito, tsohon ya yi magana da ƙarfi, irin ta wanda ba ya jin kansa.

"Ɗana, ka bar asibitin nan. Nan ake wanke min ƙafa, duk Litinin da Alhamis da sassafe."

Ma'aikata suka waiwayo. Kunya ta kama Jan Fenti, kuma ba kunyar Allah ba, kunyar a ga ubansa da tsagaggen takalmi. Idonsa na kan waya, bai ma ji ranakun ba.

"Baba, wannan aikin hukuma ne, ba aikin birkila ba. Ka je gida, zan kai ka babban asibiti."

Bai kai shi ba.

Sanarwar da aka liƙa ta ce ranar Asabar za a rushe. Mutanen unguwa suka kai ƙara, aka ce Alhamis da rana kotu za ta ba da takardar dakatarwa. Labari ya iso wa Jan Fenti, shi kuma ya ga ai dabara ba ta ƙare ba. Ya mayar da aikin Alhamis ƙarfe bakwai na safe, bai gaya wa kowa ba sai direba da ƙartinsa. Ranar Laraba da la'asar ya zaro takardar dubawa, ya rubuta kwanan watan gobe, ya rattaba hannu.

Ya 'yan uwa, wace rana tsohon ya ce yana zuwa?

Da sassafe tsohon ya iso. Sista ta ga jikinsa ya yi laushi, ta kwantar da shi a ɗakin baya ta sa masa ƙarin ruwa. Bandejinta ya ƙare, sai ta ja masa ƙofa ta tsallaka titi zuwa kemis. Barci ya ɗauke shi. Ko da idonsa biyu ne, ba zai ji ƙugin inji ba.

Tana can katafila ta karyo kwana. Ƙarti suka diro daga mota suka tare hanya, suna zabga gora a kan duk wanda ya matso. Sista ta fito da gudu, bandeji a hannu, tana ihu cewa akwai mutum a ciki. Jan Fenti ya ji ta sarai, ya kuma yi murmushi. Ya yi wa wani ƙato alama da kai. Ta buɗe baki za ta faɗi ko wane ne, gora ta sauka a bakin. Haƙora uku suka zube, ta kife a kan kwalta, wani ya taka mata hannu.

Direban katafila ya leƙo ta taga ya ce, "Oga, an duba?"

Jan Fenti ya ɗaga takarda. Direba ya karɓa, ya ga sa hannu, ya ninke ya cusa a aljihu.

Bugun farko ya kwashe katanga da famfo, ruwa ya yi tsiri sama. Na biyu ya tsaga ɗakin awo. Na uku ya tura bangon tsakiya, rufin ya durƙushe a kan ɗakin baya gaba ɗaya. Aikin da mutanen unguwa suka yi shekara biyu suna yi bai kai minti goma ba.

Yana tsaye yana kaɗe ƙura daga rigarsa ya ji an riƙe masa ƙafar wando. Sista ce ta rarrafo, jini na ɗiga daga haɓarta. Ya ɗaga ƙafa zai shure ta, sai ya ga bakinta na maimaita kalma ɗaya. Ya sunkuya.

"Babanka ne."

Ya juya. A gefen ɓaraguzai, inda ruwan famfo ke kwarara, ga takalmi ƙwaya ɗaya an tsaga shi da reza.

Ya faɗa kan ginin yana tono da hannu. Rodi ya yage masa tafi, faratansa suka ciccire, yana kiran Baba, Baba, mutumin da ko da ransa sai an ɗaga murya yake ji. Jama'a suka kawo diga da shebur. Suka same shi a kan gado, allurar ruwa na nan a hannunsa, lintar da ya zuba da kansa ta kwanta masa a ƙirji.

Da mutane suka ga gawar, sai hankali ya gushe. Ƙartin suka watsar da gora suka arce. Aka yi kan Jan Fenti da guntayen bulo. Aka fasa masa kai, aka karya masa ƙafa, wani ya danne hannunsa na dama a kan kwalta aka yi ta sauke masa bulo har ya daina kama da hannu. Ba na yabon wannan, ɗaukar doka a hannu haramun ne, ina faɗa muku abin da ya faru ne. Da sun ƙarasa shi, ba don Sista ta faɗa kansa ta rufe shi da jikinta ba.

To ina za a kai shi? Asibitin da ke taku ashirin, shi ya mayar da shi ƙasa. Kafin a janye katafila daga hanya a samu mota, hannun ya mutu. Daga gwiwar hannu aka yanke shi.

A gaban alƙali attajirin ya ce bai taɓa shiga ofishin Jan Fenti ba. Shugabannin ofishin suka kawo taswirar asali, ga kore nan sarai. Direba ya zaro takarda daga aljihu, aka karanta: na shiga kowane ɗaki, na kira, ba kowa ciki. Aka tambayi Jan Fenti sa hannun wane ne. Ya dubi dungulmin hannunsa. Ya sha ɗauri na shekaru, aka ƙwace gidansa. Shagunan kusurwa kuwa ko ƙofarsu bai taɓa gani ba. Daminar shekarar rusau ɗin, da unguwar ta koma shan ruwan rijiyoyin gefen kwata, amai da gudawa suka kwashe mutane, akasarinsu ƙanana.

Da ya fito, hankalinsa bai fito tare da shi ba. Kullum da safe yana bin kangwaye da gine-ginen da ba a gama ba. Yana shiga ɗaki ɗaya bayan ɗaya, ya buga da hannun hagu, ya leƙa bayan ƙyaure, ya ce, "Akwai mutum a ciki?" Sai ya tsaya ya saurara, sannan ya wuce na gaba.

Ya 'yan uwa, mutumin nan bai taɓa ɗaukar wuƙa ba. Layi ya matsar, hannu ya sa a kan abin da bai gani ba. Sa hannu shaida ce, kuma wanda ya yi shaida a kan abin da idonsa bai gani ba ya yi shaidar zur, ko da biro ya yi ta. Kai mai duba gini, kai mai gwada ruwa, kai mai buga hatimi, takarda nawa ka sa wa hannu daga kan kujera? Kana tsammani don ba ka san waɗanda ke bayan bangon ba, Allah bai san su ba? Da ba ubansa ba ne a ɗakin, da uban wani ne, kuma zunubin ɗaya ne.

Ya Allah, ka tsare hannuwanmu daga abin da zai yi shaida a kanmu. Ka sa mu ji kukan mai rauni tun bango bai faɗi ba, ka ba mu ikon jin maganar iyayenmu tun suna iya faɗa. Allah ya kiyaye mu da cin amana, mu da zuriyarmu. Amin.