Ƙofar da Gafiya Ta Toshe

An yi wata Gafiya mai 'ya'ya biyu, raminta yana gindin wata ɗorawa a bakin gonar gyaɗa. Mijinta ya rasu tun farkon damina, tarko ne ya kama shi. Ya bar mata ɗan fari, Nomau, da cikin da ta haifa bayansa, aka sa wa jaririyar Marka. Sai kuma ramin da ya haƙa da farcensa. Gafiya ba ta taɓa kiran sunan Nomau ba saboda kunyar ɗan fari. "Kai yaro," shi ke nan.

Kwana tara ke nan wata magana tana cin ta a rai. Ta kwanta da ita, ta tashi da ita, ko gyaɗa ta sa a baki sai ta ji kamar ƙasa.

Ga abin da ya faru. Ranar sunan Marka baƙi sun cika ramin, cikinsu har da Hawainiya, wadda ke sake zane sau goma a yini, kuma babu ɗakin da ba ta leƙa ba a dajin nan. Ta juya ido ɗaya sama, ɗaya ƙasa, ta ce da ta kusa da ita, "Allah sarki. Gida kamar ba mace a cikinsa. Ko jere babu, bango duk huda." A hankali ta faɗa, amma Gafiya ta ji.

Rana ta goma ta kasa daurewa, ta je ta sami Hawainiya a kan reshe.

"Ƙawata, na ji abin da kika faɗa ranar suna."

"Ni? Me na ce? Ai bakina ne bai iya ƙarya ba."

"Ba faɗa ya kawo ni ba. So nake ki nuna mini yadda ake yi. Na gaji da sunkuyar da kai in an yi baƙi."

Hawainiya ta koma kore shar don daɗi. Suka kama hanya, tafiyar da Gafiya ke yi kafin a sha ruwa ta ɗauke su har azahar, don Hawainiya sai ta yi shawara da kowace ƙafa kafin ta ɗaga ta.

Tun daga waje ta fara. "Wannan ƙofar gida ce ko juji? A cire ciyawar nan, a yi daɓe, a zagaye da farar ƙasa, baƙi su sami inda za su zauna su sha iska."

Da suka shiga ta ce, "Rumbun gyaɗa a gaban baƙi? A mayar da shi lungu. Murhun nan ma ya matsa." Sai idonta ya kai kan wata siririyar hanya a ƙarshen ɗakin, wadda ta yi sama ta ɓulla can cikin sarƙaƙiya. "Wannan fa?"

"Ƙofar baya ce. Maigidan ne ya haƙa ta, kwana bakwai yana yi."

"Allah ya ji ƙansa, amma namiji me ya sani a kan ɗaki? Nan ne fuskar ɗakinki. Duk wanda ya shigo, nan idonsa zai fara sauka. A toshe, a shafe, a yi jere."

Gafiya ta dubi ƙofar. Sai ta tuna maganar ranar suna, ta ce, "To."

A cikin sarƙaƙiyar nan akwai wata tsohuwar Bushiya, maƙwabciyar Gafiya, wadda bakinta ya fi ƙayar bayanta tsini. Da ta ji ana ɗura ƙasa ta ƙarƙashinta, sai ta zagayo ta gaba ta shigo ko sallama babu.

"Ke 'yar nan, me nake ji? Ƙofar mijinki kike toshewa?"

"Gyara nake yi, Iya."

"Gyara. Tun da nake ban taɓa ganin gafiya mai ƙofa ɗaya da ta yi furfura ba."

Hawainiya ta yi tsaki. "Tsohuwa, ke da ɗakinki ganye ne da kara, wa zai nemi shawararki a kan ado?"

"Ni da ke wa ya taɓa kwana a rami? Ke a reshe kike. In wuta ta tashi, ki koma launin toka ki bi iska. Ita fa, da goyo?"

"Hassada ce, ƙawata, kada ki kula ta."

"Hassadar me? Ramin da zai zama tukunya?"

Gafiya ta shiga tsakani. "Iya, ki yi haƙuri. Bangon siriri ne. In wani abu ya taso, da farce zan tone shi."

Bushiya ta dube ta. Ta ce, "Allah ya sa ni ce zan ji kunya." Ta fita.

To, bangon bai tsaya siriri ba. Hawainiya ta ce ƙasa zalla zubewa take yi, sai an jiƙa ɓawon ɗorawa an kwaɓa da ruwansa, wato makuba. Bango kuwa in ya sha makuba ya bushe, dutse ne. Ta kuma sa Gafiya ta yi ta jido fasassun tangaran da na kwalba daga jujin ƙauye, ana kakkafa su a ɗanyen bango, shuɗi a tsakiya, fari a gefe, kamar furen kabewa ya buɗe.

Ranar da aka gama, Nomau ya tsaya yana kallo. Ya ce, "Inna, Baba ya ce in muka ji hayaƙi nan za mu bi. Yanzu ina za mu bi?"

"Rufe mini baki, kai yaro. Wa ya ce maka hayaƙi zai zo?"

Ta tsawata masa, amma tambayar ta zauna mata a ƙirji. Ta ce a ranta, gobe zan haƙa wata ƙofar ta gefen murhu. Gobe ta yi, matar Kurege ta zo kallo. Jibi matar Ɓera ta kawo 'yan'uwanta. Suka zauna a kan sabon daɓen ƙofar gida suna cewa, "Kai, Gafiya, ashe kin iya." Ta ji daɗi, ba za a ɓoye ba. Tun rasuwar mijinta ba wanda ya yaba mata komai. Sai goben ta yi ta matsawa, har aka fara cirar gyaɗa.

Wata rana da hantsi masu gona suka zo gindin ɗorawa hutawa. Shekara uku suna wuce ramin nan ba su san da shi ba, ciyawa ta rufe shi. Yau sai ga fili a share, ga zoben farar ƙasa, ga ɓallin kwalba yana walƙiya a bakin rami kamar yana kiransu. Ɗaya ya ce, "Ga mai cinye mana gyaɗa." Suka tara karmami a bakin ramin, suka cinna wuta, suka yi ta fifita hayaƙin ciki da hula.

Gafiya tana shayar da Marka ta ji ƙauri. Kafin ta miƙe ɗakin ya yi duhu. Ƙafafunta suka kai ta ƙofar baya tun kafin hankalinta ya tuna babu ƙofa.

Ta kai farce. Farce ya zame. Ta sake kaiwa, tangaran ya yanka mata tafi. Ta sa haƙori, makuba ta ƙi. Can ta ɗaya gefen tana jin Bushiya tana tono tana kira, "'Yar nan, ina nan, ki yi ta yi," amma farcen bushiya nawa yake?

Marka ta daina kuka, ta koma shessheƙa. Gafiya ta juya ga Nomau. "Kama wutsiyata. Ko me ka ji, kada ka saki." Ta ɗauki Marka a baki, ta rufe ido, ta nufi wutar.

Gashin bakinta ya ƙone. Wutsiyarta ta ƙone har ta daina jin ta. Sandar wani mai gona ta same ta a ƙugu, ta faɗi, ta tashi. Bakinta cike da jaririya, ba halin ta tambaya ko yaron yana biye. Sai da ta shige sarƙaƙiya ta ajiye Marka, sannan ta waiwaya.

Babu kowa a bayanta.

"Nomau," ta ce. Bushiya ta ɗago kai, don ba ta taɓa jin sunan a bakinta ba. "Nomau. Nomau." Ta yunƙura za ta koma, ƙugu ya ƙi ɗaukarta, Bushiya ta danne ta da duk ƙarfin tsufanta.

Masu gona da suka ga gafiya ta tsere, suka ɗauka ramin ba kowa, suka koma aikinsu. Sai bayan la'asar su biyun suka iya shiga, Gafiya tana jan ƙafa.

A gindin bangon suka same shi. Da wutsiya ta kuɓuce masa cikin hayaƙi, sai ya koma inda Babansa ya ce a bi. Ya ciro tangaran biyu da ɗan farcensa, na biyun yana hannunsa. Tsakanin inda ya tsaya da inda Bushiya ta kai da tono bai fi taki ɗaya ba.

Bushiya ba ta ce "na faɗa miki" ba. Ta dai ce, "Ɗauki kansa, in ɗauki ƙafa."

Ranar uku Hawainiya ta zo gaisuwa cikin launin toka. Ta ce, "Ƙaddara ce, ƙawata, sai haƙuri. Na leƙa ɗakin ma. Kin san bangon ko tsagewa bai yi ba? Aikin makuba ke nan."

Bushiya ce ta miƙe, ta tayar da ƙayarta duka. "Fita. Kuma yau ki gwada sauri."

Gafiya ta haƙa sabon rami nesa da ɗorawar, ƙofa uku, ciyawa a kan kowace. Ba jere, ba farar ƙasa. Abu ɗaya ta ɗauko daga tsohon gida, ɓallin tangaran ɗin nan da ke hannun Nomau, ta binne shi ƙarƙashin shimfiɗarta. Marka ta tashi da sanin cewa hayaƙi ne ya kashe yayanta. Maganar bango kuwa, ba wanda ya faɗa mata. Bushiya ta riƙe sirrin har ta koma ga Allah.

Kwanaki suka wuce, Marka ta girma, ta yi aure, ta haihu. Ran nan Gafiya ta je ganin jika, sai ta tarar da ɓawon ɗorawa a jiƙe a bakin ƙofar baya.

"Wannan na mene ne?"

"Wata baƙuwa ce ta zo barka, Inna, mai yawan sake zane. Ta ce ƙofar nan ta ɓata mini ɗaki."

"Kada ki toshe."

"Don me?"

"Na ce kada ki toshe."

Marka ta yi dariya. "Inna ke nan. Ke ai ba ki san ado ba, ko a gidanki ban taɓa ganin jere ba. Siriri zan yi shi. In wani abu ya taso, da farce zan tone."

Gafiya ta ji ƙugunta ya amsa. Ta koma gida.

Yau kwana huɗu ba ta iya cin komai. In ta yi shiru, makuba tana jiƙa. In ta yi magana, dole ta ce, ni na gina bangon da yayanki ya mutu a gindinsa, ya tambaye ni ina za mu bi, na ce ya rufe mini baki. Marka ce kaɗai ta rage mata a duniya, kuma ba ta san da wane ido za ta dube ta ba bayan nan. Da safen nan ta tono ɓallin tangaran ɗin, ta riƙe shi a baki kamar yadda ta taɓa riƙe Marka, ta je har ƙofar gidan 'yarta ta tsaya. Ta ji ana kwaɓa ƙasa a ciki.

Darasin wannan labari shi ne, yara, ado ba laifi ba ne, amma gida don masu kwana a cikinsa ake gina shi, ba don mai leƙowa ta wuce ba. Kafin ku toshe abin da wani ya sha wahala ya buɗe, ku tambayi abin da ya sa ya buɗe shi. Abin da kuka ce sai gobe kuma, ku sani hayaƙi ba ya aiko da sanarwa. Ni dai uwa ce, na kai Gafiya ƙofar nan na kasa shigar da ita, don na san nauyin abin da ke bakinta. Ku faɗa mini, ta yi sallama ta shiga? In ta shiga, da wace kalma za ta fara?